Toka a Ƙofar Mota

Jiya a unguwar Kpébié, nan Parakou, wani mai babur ya gogi ƙofar motar 'yata. Ƙarar ƙarfen nan, ƙiiit, ta ratsa haƙorana, har yanzu na kasa zama wuri ɗaya. Bari in faɗa muku dalili.

Babanmu direba ne. Yana tuƙa wa wani Alhaji mai fataucin goro baƙar mota, mai sheƙi har mutum ya ga fuskarsa a jikinta. A ƙofar gidanmu na unguwar Ganou take kwana, ƙarƙashin mangwaro. Da ita muke ci, da ita muke sha, amma ko yatsa ba a yarda mu ɗora mata ba.

Ina da shekara tara. Damina ta ja baya, sabuwar doya ta cika kasuwa, ko'ina ƙamshin ɗanyar gyaɗa. Ranar Juma'a da hantsi na fito da tiren talla ina sauri, bakin tiren ya ja layi a ƙofar motar, siriri kamar zare. Baba yana wurin aski. Bayan masallaci zai kai Alhaji garin Djougou ɗaurin aure.

To me na sani? Abin da Inna ta koya mini: in tukunya ta yi tabo, toka da yashi. Na ɗebo, na jiƙa soso, na dirje da ƙarfina duka, rana na dukan ƙarfen. Da ruwan ya bushe, layin ya tafi. A wurinsa fari fat, faɗin faifai.

Baba bai dake ni ba. Da ma ya daka. Ya tsuguna, ya bi wurin da farce.

"Uwata, kin ga wannan?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "In farce bai maƙale ba, karcen bai shiga ba. Man goge baki da tsohuwar singileti sun isa. A inuwa, a hankali, ana zagayawa. Mota ba tukunya ba ce."

Ya tura ta inuwa, ya shafa man, ya goga har gumi ya jiƙa rigar Juma'arsa. Gefe-gefe ya dawo. Tsakiya ta ƙi, na riga na cinye fentin.

Alhaji ya iso, ya tsaya, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi?"

"Ni ne, patoro," in ji Baba, don haka direbobi ke kiran maigida.

Na buɗe baki, Inna ta mintsine ni a cinya har hawaye ya zubo. Alhaji ya miƙa hannu kawai, Baba ya sa masa makulli. Daga ranar sai dako a tashar da ake kira Gare, buhu a ka, mutumin da ke sa farar riga ya tafi aiki. Bayansa bai sake miƙewa daidai ba har ya rasu, kuma bai taɓa tada zancen ba.

Masu cewa bakina ya yi kaifi, to ku ji: sau ɗaya na yi shiru, na ga abin da ya jawo.

Sai da na haifi biyar na shiga ajin manya na koyi rubutu. Farkon abin da na rubuta da hannuna takarda ce zuwa gidan Alhaji. Na ƙi aikawa, na hau mota da kaina zuwa Djougou, inda matarsa ta koma bayan rasuwarsa. Na same ta a kan tabarma tana jan carbi. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ba Babana ya ɓata motar nan ba. Ni ce."

Ta dube ni da kyau, ta ce, "Wace mota, 'yar nan? Ai motocinsa da yawa."

Yau motocin Parakou duk a kwarzane suke, ba mai ko waiwaya, a wurin wanki a goge da inji kafin ka sha ruwa. Ni kuwa shekara arba'in na ɗauko maganar nan na kai ta har ƙofar gida, ban samu wanda zai karɓa ba.