Filin da Baba Zarto Ya Share

Duk wanda ya taɓa bi ta layin masu sana'a, tsakanin kogi da layin dogo, ya san rumfar Baba Zarto ko da bai san sunansa na yanka ba. Kafinta ne, gajere mai faɗin kafaɗa, kullum da guntun fensir a bayan kunne. Tun yana saurayi ya kafa turakun rumfar, lokacin wurin ciyayi ne da kunamu. A nan ya ƙera gadon aurensa, a nan ya ƙera bencin da 'ya'yansa suka zauna a kai a makaranta. Daga baya mai walda ya zo ya kafa tasa rumfar a gefensa, sai masu gyaran injin ban ruwa, sai masu ɗinkin buhu, har layi ya cika.

Abu biyu aka san shi da su. Ba ya yar da ƙusa ko ta lanƙwashe, sai ya ɗora ta a kan dutse ya miƙar da ita. Kuma ba ya tashi aiki bai share rumfa tas ba, har ya zarce zuwa ƙofar maƙwabta. Mai walda, wanda bakinsa ba ya gajiya da tsiya, yakan ɗage gilashin idonsa ya ce, "Baba, wannan shara taka, wata rana har mu za ka haɗa ka kwashe."

"In ka zama shara, me zai hana?" in ji Baba.

Autarsa, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci, ta gama jami'a tana zaune a gida ba aiki. Shi ya sa Baba ya kasa kunne sosai da rediyo ya fara maganar masu zuba jari daga ƙasashen waje. Safe da yamma ana yabon yankin: ga kogi da ba ya ƙafewa, ga layin dogo, ga auduga, ga rana mai ba da wuta, ga matasa majiya ƙarfi. Kuma abin haushin, ba ƙarya aka yi ba. Duk akwai su. Baba yakan ƙara muryar rediyon ya ce, "Uwata, kin ji ko? Aikinki na tafe."

Wata safiya wani jami'i daga ofishin jawo masu zuba jari ya zo layin. Bai yi wa kowa tsawa ba. Rumfar Baba ya nufa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi kamar ɗan da ya haifa.

"Baba, manyan baƙi za mu yi, kuma ta bakin kogin nan za su bi. Roƙonmu ku ɗan kwashe rumfunan nan a gyara wuri. Da sun tafi kowa ya koma inda yake. Wa ya sani ma, ko su ja muku wuta, su kawo muku injuna."

Bayan tafiyarsa mutanen layi suka taru. Mai walda ya ce shi fa ransa bai kwanta ba. "Wane irin baƙo ne wannan da ba ya son ganin masu gida?"

Baba ya harare shi. "Kai in surukanka za su zo, ba ka kwashe tarkace daga tsakar gida? So kake su tarar da mu cikin baƙin mai da ruɓaɓɓen kwano, su je su ce mu ƙazamai ne? Yaron nan har ƙasa ya gaishe ni. Ku kwashe, ni na tsaya muku."

Da wani ne ya faɗa, da ba wanda zai motsa. Amma Baba Zarto ne, mutumin da in ya ce ƙofa za ta tashi ran kaza, to ta tashi. Aka kawo amalanke, aka sauke kwanuka, aka loda injuna, kowa ya kai nasa gida. Baba bai tsaya nan ba. Ya sa aka tuge turaku, aka cike ramukansu don kada wani baƙo ya gurɗe ƙafa. Inda baƙin mai ya ɓata ƙasa, shi da kansa ya ɗebo yashi daga kogi ya rufe. Ya bi wurin da tsintsiya yana tsintar ƙusoshi yana zubawa a aljihu. Da ya gama ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya dubi filin fetal kamar faranti, ya ji daɗi. Wallahi ya ji daɗi.

Ranar zuwan baƙi aka ɗebi 'yan matan da suka gama jami'a, har da Uwata, su riƙe wa baƙi laima. Baba ya sa wankakkiyar riga ya tsaya tare da jama'a a hayin layin dogo, bayan igiyar da 'yan sanda suka ɗaure. Daga nesa yana hango 'yarsa a bayan wata baƙuwa mai farin gashi, jami'in nan kuma yana nuna filin da hannu biyu. Ya ga laimar ta karkace, Uwata ta matsa gaba kamar za ta yi magana, wata mata ta janye ta baya ta karɓe laimar. Ya ce a ransa, ƙila rana ce ta dame ta.

Da yamma ta shigo gida ba ta iya ko sallama da kyau ba. Ta zauna a kan tulin katakon da aka jibge a tsakar gida. Uwarta ta miƙa mata ruwa, ta ajiye kofin a gefe.

"Uwata, wa ya taɓa ki?"

"Baba, kun san abin da jami'in nan ya ce wa baƙin? Da Turanci ya faɗa, a kunnena. Ya ce ga fili nan a bakin ruwa, kusa da jirgi, babu kowa a kansa, babu wanda za a tasa, babu wanda za a biya diyya. Matar nan mai farin gashi ta tambaye shi, to a da me ake yi a nan? Ya yi dariya ya ce awaki ne ke kiwo."

"Awaki?"

"Awaki, Baba. Na buɗe baki zan ce rumfar ubana ce a nan inda kuke tsaye, aka ja ni baya, aka ce laima aka ɗauke ni riƙewa, ba surutu ba."

Baba ya zaro fensir daga kunne, ya mayar. Can ya ce, "Ƙila ba ki ji da kyau ba." Amma bai dube ta ba da yake faɗa.

Kafin masu rumfuna su gama shirin komawa, an zagaye filin da waya mai ƙaya, an kafa allo da zanen masana'antar da ba a ko tona harsashinta ba. Mutanen layi suka ɗunguma ofis, Baba a gaba. Jami'in bai tashi daga kujera ba, balle ya cire takalmi. Ya juyo musu da hoton filin da aka ɗauka ranar zuwan baƙi.

"Wace rumfa kuma, tsoho? Nuna mini ko ramin turke ɗaya."

Baba ya ƙura wa hoton ido. Babu. Shi ya cike su da hannunsa.

Ba wanda ya zage shi a hanyar dawowa, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Masu ɗinkin buhu suka watse, wani mai gyaran inji ya koma dako a tasha. Mai walda ne kaɗai ya leƙo gida, ya tarar da Baba zaune cikin katako, ya ce, "Ashe dai mu ne sharar." Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa.

Washegari Baba ya ɗora bencinsa a amalanke, Uwata tana tura masa, ya kai shi bakin titi, jikin wayar, daidai ƙarƙashin allon. A nan yake aiki yanzu, ba rufi, rana a ka. Mai gadin da aka sa a filin ya kore shi, ya dawo. Ya sake korarsa, ya sake dawowa, har mai gadin ya gaji ya fara zama a kan bencin.

Garin katako ya taru a gindin wayar, iska tana kwasarsa tana watsawa cikin filin. Ranar farko da aka tashi aiki, Uwata ta ɗauki tsintsiya kamar yadda ta ga ana yi tun tana goye. Baba ya riƙe hannunta.

"Ajiye, Uwata. Bar shi ya taru. In sun dawo, su gaya wa matar nan wace akuya ce ke yanka katako."