Randar Tarwadar Inna Dije

A bayan wani katafaren gida a Nassarawa GRA na girma, cikin ɗakunan ma'aikata, domin Baba ne mai kula da lambun Hajiya mai gidan. Kakata Inna Dije ta zo daga ƙauyenmu na Jigawa a duba mata ido, sai ta yi zamanta shekara goma sha ɗaya. Ba ta yarda da risho ba. Murhu ta kafa a gindin mangwaro, kuma da an yi magariba an ci tuwo, sai ni da ƙannena mu kewaye sauran garwashin, tana gasa gyaɗa tana ba mu tatsuniya.

Kusa da murhun akwai randarta, duk gansakuka, da tarwada guda a ciki mai gashin baki kamar na tsohon ɗan sanda. Ni kuwa tun ina ƙarama ƙyanƙyami ya yi mini yawa, ko kallon randar ba na son yi.

"Ku gyara zama," in ji ta, "ga wata ta taso daga bakin kogi."

Mu ce, "Ta iso lafiya."

Wai a wata shekarar fari tafki ya ƙafe, mata biyu maƙwabta kowacce ta tsinci tarwada a taɓo ta sa a randa. Ta farkon tsaftarta ta wuce misali. Kullum sai ta cuɗe randar da toka da soso ta zuba sabon ruwa, kafin mako kifin ya juya ciki sama. Ta biyun kuwa kasko mai huda ta ɗora a bakin randa ta shuka alayyahu. Ta ɗebo ruwan da kifi ya ɓata ta zuba wa ganyen, ya tsiyayo ya koma tas. Ran da ta ɗauko soso, tarwadar ta leƙo ta ce, "Ajiye, baiwar Allah. Masu yi mini shara a jikin randar nan suke zaune." Matar ta ji magana, ta ci ganye har damina ta sauka, maƙwabta na roƙon iri.

"Su waye masu sharar, Inna?"

"Aljanun randa ne, 'yar nan. Ke mai wanke hannu sau bakwai ina za ki gan su."

Bayan rasuwarta na karanta aikin gona, bincikena ya zama kiwon kifi da noman ganye da ruwa ɗaya mai zagayawa. Ana haka rijiyar burtsatsen gidan ta ja baya, Hajiya ta ce za a daɓe lambun da bulo. Baba, wanda ya tsufa a cikin lambun nan, ya kwana biyu ba ya taɓa abinci. Na je na durƙusa na roƙi Hajiya ta bar ni in gwada bincikena a lambun.

"Wata huɗu, Zainabu," ta ce. "In ban ga latas ba, masu bulo za su zo."

Na kafa tankuna biyu na tarwada da kwalbatocin tsakuwa da ruwan kifin ke bi ta ciki ya koma tanki, na dasa latas da alayyahu da tumatir. A mako na biyar tsakuwar ta yi yauƙi da kore. Hannuna bai shawarci kaina ba: na kwashe ta na wanke fes da garin sabulu. Kwana uku, kifi ya fara tasowa ciki sama.

Baba ya ɗago guda ta wutsiya ya dube ni. "Malama mai digiri, cuɗe randar kika yi ke nan?"

Kunya ta rufe ni, na yi kuka sosai. Na san ƙwayoyin halittar da ke zaune a jikin tsakuwa suna mayar da kashin kifi abincin shuka, har jarrabawa na ci a kansu, amma ni ce na hallaka su da soso.

Randar Inna na nan a gindin mangwaro, domin Baba bai taɓa barinta babu kifi ba. Na yaɗo yauƙin jikinta, na kwaso duwatsun ƙasanta na zuba a tsakuwata, na rage wa sauran kifin abinci, na ɗaure hannuna daga wanki. A hankali ruwan ya washe. Ganye ya miƙe, tarwada suka yi ɓul-ɓul, alhali ruwan da suke sha bai kai wanda Baba ke kwarara wa lambun a da ba.

Ranar da wa'adi ya cika, Hajiya ta zagaya lambun sau biyu. Ta tsinki tumatir ta ci a tsaye, sannan ta kira direbanta.

"Ka ce wa masu bulo su wuce da shi gidana na Badawa." Ta juyo wajen Baba. "Malam Sule, a ƙaro tanki na uku."

Baba ya juya baya yana gyara hula, amma na ga hawayen. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

A rahoton bincikena na rubuta wa ƙwayoyin nan dogayen sunayensu na kimiyya, malamai suka yaba. Amma duk ɗalibar da ta zo koyo, gindin mangwaro nake fara kai ta, in nuna mata randar da ba a taɓa cuɗewa ba, sannan in karɓe soson hannunta.