Akwati Sittin da Ɗaya na Arvid Stenseth

A shagon shan kofi na garinmu Solheim, nan jihar Dakota ta Arewa, ana cewa ɗan kawuna Arvid Stenseth ya bar cocinmu ya buɗe nasa, kuma mabiyansa akwatunan wasiƙa ne guda sittin da ɗaya. Wai kullum da safe yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana musu wa'azi. Wai har ya yi wa na gidan Rustad baftisma da ruwan kofi, akwatin ya buɗe baki ya ce amin. Wata tsohuwa ta ce da idonta ta gani, alhali tsohuwar nan ko saniya ce ta tsaya a gabanta sai ta tambaye ta lafiyar yara.

To, ƙarya ce. Na san ƙarya ce domin rabinta ni na ƙera ta, a kujerar da ke kusa da taga. Kofin dai ya zube da gaske, amma santsin ƙanƙara ne ya kwashe mai riƙe da shi. Akwatin Rustad kuwa marfinsa ya lalace tun kakana yana da haƙora, ko tari ka yi kusa da shi sai ya wangale. Arvid bai bar coci ba. Yana nan a benci na uku ta hagu kowace Lahadi, inda ya zauna shekara saba'in da huɗu har katakon ya ɗauki siffar mazaunansa. Abin da yake yi a bakin akwatunan nan addu'a ce, ba wani abu ba.

Uwata da ubansa uwa ɗaya uba ɗaya, don haka tun muna yara tsokanarsa aikina ne, kuma shi kaɗai ne aikin da ban taɓa yin fashinsa ba. Ni na bar makaranta da wuri saboda malamai sun kasa fahimtata. Shi ya gama, ya kama aikin raba wasiƙu a ƙauye, ya yi shekara talatin da takwas yana zaga mil casa'in da biyu na hanyar tsakuwa, tsakanin gonakin alkama waɗanda in ka tsaya a wannan ƙarshen sai gobe za ka hango wancan. Akwatunan suna tsaye a bakin hanya ta hannun dama, sitiyari kuwa yana hagu, saboda haka Arvid a kujerar fasinja yake zama, ya miƙa hannun hagu ya riƙe sitiyari, ya miƙa ƙafar hagu ta taka birki. Har yau ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama tsawo da taƙi guda. Shi ya ce ƙarya nake yi, amma bai taɓa yarda a gwada ba.

Mu nan ba a yin addu'a da ƙarfi sai a coci ko a gaban abinci. In ka ce wa mutum kana masa addu'a, sai ya ɗauka likita ya gaya maka abin da ya ɓoye masa. Don haka ba daga bakin Arvid na ji yadda abin ya fara ba, matarsa Luella ce ta gaya mini tana murza ƙullin dankali. Ta ce a hunturunsa na farko ya ɗauko wata ambulan daga asibiti zuwa gidan Aaker, ya kuwa san ɗansu ne ke kwance. Aikinsa bai ba shi damar buɗewa ba, bai ba shi damar ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ya saka, ya rufe marfin, ya bar hannunsa a kai, ya ce, “Ubangiji, ga gidan Aaker.” Da ya isa akwati na gaba sai ya ji kunyar wucewa haka nan, kamar ya gaida mutum ɗaya a cikin taro ya share saura. Daga ranar kowane akwati yana da rabonsa. Sunan gidan, sunayen 'ya'ya, abin da ya sani yana damunsu, sai ya ja mota. Mai raba wasiƙu kuwa ya fi fasto sanin damuwar mutane, don fasto abin da aka gaya masa ya sani, shi kuwa Arvid yana ganin wanda ɗansa ya daina rubuto masa.

Kowane akwati yana da 'yar jar tuta a gefe. In ka saka wasiƙar da kake so a tafi da ita sai ka ɗaga tutar, dole mai raba wasiƙu ya tsaya ko da bai kawo maka komai ba. Nawa ne akwati na ƙarshe, na sittin da ɗaya. Ni mutum ne mai jama'a a ko'ina, don haka tutata kullum a sama take, musamman tun da matata Ardis ta tafi ganin ƙanwarta a kudu na sati biyu, yau shekara goma sha ɗaya. Yana tsayawa sai in fito da kofi biyu, kamar dai wucewa nake yi. Mu yi minti goma, ni ina magana shi yana kallon sama yana cewa da alama za a yi iska.

Shekara huɗu da suka wuce ya yi ritaya. Wata bakwai bayan haka Luella ta rasu. Ranar da aka binne ta matan coci suka cika masa firji da abinci har ƙofar ta ƙi rufuwa, sannan kowa ya koma gida, aka bar shi da agogon bango. Washegari ƙarfe bakwai na safe aka ga motarsa a kan hanya, ba wasiƙa ko ɗaya a ciki. Haka jibi, haka gata.

Sai dai hanyar ba ita ce ta da ba. Cikin gida sittin da ɗaya, sha tara ne kawai ke da hayaƙi a bututu. Tsofaffi sun mutu, yara sun tafi birni, manyan manoma sun haɗe gonakin sun bar gidajen iska tana buga ƙofofinsu. Akwatunan ne suka rage, wasu sun karkace, wasu tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki. Arvid bai tsallake ko ɗaya ba. Na taɓa tambayarsa wa yake wa addu'a a gidan Tollefson, da yake duk suna maƙabarta. Ya ce godiya yake yi saboda su, sannan suna da jika a yamma wadda aurenta ke rawa. Na ce ina ya sani. Ya ce katin Kirsimetinta na ƙarshe da sunanta kaɗai ya zo.

A kakar bara idonsa ya fara cin amanarsa. Tsakiyar duk abin da ya kalla sai ta zama toka, gefe kawai yake gani. Ya ɓoye har ranar da ya gaida sandar waya da gaban mota. Likita ya duba, aka karɓe lasin tuƙi. 'Yarsa Twyla, wadda ke aikin jinya a birnin Fargo, ta zo ta kwashe shi da jaka ɗaya ta kai shi gidanta a hawa na shida. Ta ce ba za ta bar makaho shi kaɗai a gidan da maƙwabci mafi kusa yake mil uku ba, kuma ƙarshen wata za ta sa gidan a kasuwa. Ba ta yi laifi ba. Ɗaki ta ba shi mai ɗumi, da kujera mai laushi a bakin taga. Faston cocinta ma ya kawo masa littafin addu'ar kullum mai manyan baƙaƙe.

Ni kuwa na ci gaba da ɗaga tuta saboda sabo. Ƙarfe goma sha ɗaya in fito da kofi biyu, in tsaya, in shanye duka biyun. Ina gaya muku a satin nan uku na sha kofin da zai tayar da matattun Tollefson.

Ran da ya cika kwana ashirin da tafiya waya ta yi ƙara. Arvid ne, mutumin da bai taɓa kiran kowa ba tun da aka ƙirƙiro waya. Bai gaishe ni ba.

“Merle, bayan akwatin Rustad na wa ne?”

Na ce, “Fasto, mabiya sun fara gudu ne? In ce dai ba coci ya watse ba.”

Bai biye wa tsokanar ba. Sannan ya yi mini bayani a hankali, kamar mai faɗin ciwon da yake jin kunyarsa. Ya ce kullum ƙarfe bakwai yana zama a kujerar ya rufe ido ya fara. Na ɗaya ya zo, na biyu ya zo, har na sha huɗu. Daga nan sai duhu. Ashe sunayen ba a kansa suke ba, a hanya suke. Sai ya ji ƙarar katakon gada sannan gidan Moen ke zuwa masa, sai mota ta karkata a kwanar busasshiyar bishiya sannan ya tuna 'ya'yan Lindgren. Littafin faston yana da kyau, yana karantawa, amma ba mutanensa a ciki. Twyla ta rubuta masa sunayen a takarda, sai ya ji kamar yana kiran suna a aji.

Ya ce, “Kwana ashirin ban kai ƙarshe ba, Merle. Na san Ubangiji bai manta da su ba. Ni ne na ajiye su a hanya.”

Nan na tuna akwatin wa ke ƙarshe.

Washegari na wanke a-kori-kurata, karo na farko tun da na saye ta, har na gano ashe shuɗiya ce. Na yi tuƙin awa uku zuwa Fargo. Na tarar da shi a bakin taga ya sa hular aikinsa, yana fuskantar filin ajiye motoci. Na ja Twyla kicin na ce ta bar gidan, ni zan riƙa ɗaukarsa kullum in zaga da shi, in ga ya ci abinci, in mayar da shi.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. “Baffa Merle, kai? Kai da ka zo ɗaurin aurena bayan an yanka kek? Ƙarfe bakwai fa, kullum, har cikin dusar ƙanƙara.”

Na ce mata ni da asuba abokai ne na ƙut da ƙut, rashin haɗuwa ne kawai. Ba ta yi dariya ba. Ta leƙa falo ta daɗe tana kallon bayan hular ubanta. Ta ce ta ba ni hunturu ɗaya. In na yi fashin kwana ɗaya ba tare da an rufe hanya ba, za ta zo ta ɗauke shi, ba kuma za a sake maganar ba.

Ranar farko ya shiga ya zauna a dama, inda ya zauna duk rayuwarsa, hannunsa na hagu yana ta neman sitiyari sai na buge shi. Muka yi sha huɗu lafiya. Ina tsayawa, ya sauke gilashi, ya ɗora tafinsa a kan marfi, leɓensa ya motsa, mu wuce. Bayan na Rustad na ga ya ƙanƙame gwiwarsa. Na rage gudu. Tayoyi suka hau gada, katako ya yi ƙara a ƙarƙashinmu.

“Moen,” in ji shi. “Gudrun Moen, da ƙugunta. Da ɗanta Leif da ba ya kira.”

Ya juya fuska wajen taga, ya daɗe yana gyara hula. Ni kuma wani abu ya faɗa mini a ido, ƙurar hanya ce, ko da yake ƙanƙara ta rufe ko'ina.

Hunturun nan an yi sanyin da in ka yi magana a waje sai kalmomin su daskare su zubo, sai bazara ake jin abin da ka ce. Ban yi fashi ba. Sau biyu na makara, na tarar da shi tsaye a bakin hanya da sanda, gashin girarsa ya yi fari. Da ƙanƙara ta narke Twyla ta zo ta bi mu zagaye ɗaya a kujerar baya. Da za ta tafi ta ce in canja tayoyin gaba kafin hunturu mai zuwa. Maganar sayar da gida ba ta sake tasowa ba.

Jiya muka tsaya a na sittin, na gidan Brekke, wanda rabon da a kwana a cikinsa tun ina da gashi. Akwatin ya kwanta rabi a ciyawa, sai da Arvid ya zuro rabin jikinsa ta taga kafin ya taɓa shi. Na jira ya gama, na ja mota zuwa nawa, na kashe inji.

Na ce, “Fasto, tsakani da Allah, ba ka jin kunya? Tsoho da kai kana shan man motata kana yi wa gwangwani fanko addu'a. Me ke cikin akwatin Brekke ban da kashin ɓera?”

Ya miƙa hannu ya lalubo tutata, tana sama kamar kullum. Ya sauke ta a hankali, ya ɗora tafinsa a kan marfin.

“Shekara bakwai ina buɗe wannan saboda ka ɗaga tuta, Merle, ban taɓa samun ko kati a ciki ba sai saƙar gizo. Na yi ritaya ma ba ka sauke ta ba. Duk hanyar nan ba akwatin da ya kai naka zama fanko, kuma a kansa na fi daɗewa. Yi mini shiru in gama, sannan ka je ka kawo kofin.”