Ranar da Na Yayyafa wa Gungumen Mutane Ruwan Tofi

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba zan manta da wannan Asabar ba. Tun ranar da 'yata mai shekara shida ta kawo takarda daga makaranta hankalina ya tashi. Wai ana gayyatar iyaye da yara wani wurin shaƙatawa, su ga wani ɗan asalin wannan ƙasar wajen da muke zaune, da ya zo daga can arewacinta, yana sassaƙa dogon icce da za a kafa a wurin. Karatuna bai yi nisa ba, amma hoton na gani: fuska bisa fuska, idanu ƙuru-ƙuru. Na ce shi ke nan, gunki za a sa min yarinya ta durƙusa wa.

Yarinya ta yi ta kuka sai ta je. Anti, maƙwabciyata 'yar Jos, ta ce, "Ke dai 'yar nan, shiga mota mu gano wa idonmu." Muka bi titin Wendover, ina rungume da gorar ruwan tofi a cikin mayafi.

Muka tarar da gungumen a kwance, wani dattijo mai furfura yana ta sara da gizago, ƙamshin icce ya cika wurin. Da na ga ya juya baya, sai na lallaɓa na yayyafa wa iccen ruwana. Ashe yana kallona! Ya yi murmushi, ya faɗi wata maganar da ban gane ba, ya miƙo min wata gorar feshi.

Anti ta kwashe da dariya. "Cewa ya yi ya gode. Jiƙa shi suke yi kada ya tsage. Kin samu aiki, Hajiya!"

Kunya kamar in nutse. Na daure na ce, "Anti, tambaye shi, bauta masa suke yi?"

Ya girgiza kai. Ya nuna hankaka, ya nuna kifi a jikin iccen, ya ce alamun zuri'arsu ne, labarin da kakarsa ta ba shi yake sassaƙawa don kada ya ɓace. Nan na tuna rabona da in ba 'yata labarin tawa kakar har na manta. Na sake mata hannu, ta ruga cikin yara, ni kuwa na yi ta feshi har azahar.

Iccen yana nan tsaye har yau. Na koyi cewa tsoron da na kwana uku da shi tambaya ɗaya ce maganinsa. Don Allah, in kun ga abin mutane ba ku gane ba, ku tambayi masu shi tukuna.