Tanti Rabi, wadda ta sa Baba ya buɗe baki

Da safen nan ina kan mashin zuwa aiki aka kira ni: Tanti Rabi ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ita ta koya mini aikin gwajin jini a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Bayan ta yi ritaya ma, rabin mutanen unguwarmu ta New Bell ita suke kai wa takardar asibiti ta karanta musu Faransancin cikin Hausa.

Shekara huɗu ke nan da wani gyambo ya fito wa Baba a cikin kunci, ya ƙi warkewa. Na ɗebi jininsa na gwada da kaina. Jinin ya yi ƙasa, fararen ƙwayoyi sun hau, alamar kumburi ta fito. Ni gwani sai na ce ƙwayar cuta ce, a sha magani. Umma kuwa ta kama dafa masa folere, wato zoɓo, wai ya ƙara jini.

Na kai wa Tanti takardar ne don ta yaba mini. Ta karanta sau biyu ta ce, "Jinin ya nuna akwai matsala, amma bai faɗi inda take ba. Ka leƙa bakinsa?"

Ban leƙa ba. Ni ɗan fari ne, ko sunana Baba ba ya kira don kunya. Ta ina zan ce masa buɗe baki?

Ranar ta yafa gyale ta biyo ni gida. Ita Bafulatana ce, Baba Babarbare, kun san wasan da ke tsakaninsu. Ta ce, "Kai bawana, tofar da goron nan ka buɗe baki, ko haƙoran ne suka ƙare?" Ya yi dariya ya buɗe.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce gobe a je a yanki ɗan naman a duba, domin gwajin jini kaɗai ba ya tabbatar da wannan ciwo.

Kansar baki ce. Likita ya ce mun zo da sauran lokaci, aka yi aiki.

Ganina da ita na ƙarshe a kasuwar Sandaga ne, tana zaɓen albasa. Ta ce, "Bawana yana cin nama?" Na ce yana ci. Ta ce, "Voilà. Alhamdu lillahi."

Ina kewarta, amma zuciyata a kwance take. Ta tsufa cikin mutunci, ta cika a ɗakinta 'ya'yanta na kusa.

Na koma gida na gaya wa Baba. Tun bayan aikin maganarsa ba ta fita sosai, shi ya sa ba ya son magana cikin mutane. Amma yau ya sa babbar riga, ya ce shi zai yi mata addu'a a bakin kabari, da ƙarfi.

Allah Ya jiƙan Tanti Rabi, Ya haskaka makwancinta. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi mata addu'a.