Gida Tara a Bangon Makarantarmu

Ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi da ke Mabera, kuma duk shekara akwai wurin da ni da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare muke cijewa. Muddin lambobi ne zalla, muna tafiya lafiya. Da zarar na rubuta harafi a allo na ce yana tsaye a madadin wata lamba da ba mu sani ba, sai ajin ya mutu. A shekarar da nake ba da labari, wata yarinya da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu, ta ce da ni da iyakar gaskiyarta, "Malama, tunda ke kin san lambar, ki faɗa muna mana. Mi ad dalilin ɓoye ta?"

Ajin ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na koma gida Unguwar Rogo ina ta juya tambayar, har na tuna da Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, malami ne mai karantar da littattafai a zaurensa da ke Gidan Dare. Ina ƙarama can nake yin hutu. Shi ya fara nuna mini cewa kowane baƙin Larabci yana da lambarsa: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, haka har sama. Ya ce malaman da kan ɓoye shekarar da suka gama waƙa cikin kalma guda a baitin ƙarshe, sai mai ilimin hisabi ya tara baƙaƙen ya fitar da shekarar. Wata rana kuma ya zana mini murabba'i a ƙasa da yatsa, ya raba shi gida tara, ya sa harafi a kowane gida. Ya ce in mai da su lambobi in tara. Na tara a kwance, sha biyar. Na tara a tsaye, sha biyar. Na bi ta kusurwa zuwa kusurwa, sha biyar. Ina jin tun daga ranar na kamu da son lissafi.

Shi na kai wa ajin. Na rubuta baƙaƙe tara na farko da lambobinsu, na zana gidajen, na ce su gano abin da ke ciki. Ban taɓa ganin ajin nan haka ba. Yaran da Turanci ke ba wuya, waɗanda ba sa buɗe baki sai an kira sunansu, su suka riga kowa, don baƙaƙen Islamiyya ne da suka sani tun suna ƙanana. Na ƙara musu lambobin sauran baƙaƙen, kowa ya fitar da lambar sunansa. Suka riƙa rubuta wa juna kalmomi da lambobi ana warwarewa. Na goge harafin tsakiya na ce su nemo wanda ya ɓace, suka nemo ha kuri mai lamba biyar, na ce to abin da nake ta fama in koya muku ke nan, harafi ne ya riƙe lamba kuka kama shi. Yarinyar layin gaba ta ce, "Ashe wasa na." Da muka koma kan littafin makaranta, rabin ajin ya wuce wurin da muke cijewa ba tare da na ja kowa ba.

Ana cikin haka mai makarantar, wata Hajiya mai son a ga makarantarta fes, ta ce kowane fanni ya ƙawata yanki guda na bangon tsakar makaranta kafin bikin raba kyaututtuka. Mai kimiyya ya zaɓi zuciyar ɗan Adam, mai labarin ƙasa ya zaɓi taswira. Ni na je wurin malamin zane na nuna masa gidajen nan tara. Ya yi murna. Ya ce zai kewaye shi da irin zayyanar da ake yi wa allon sauka, ja da kore da ruwan ƙwai. Na ce kada a rubuta lamba ko ɗaya, a bar baƙaƙen kawai, duk wanda ya tsaya ya yi tunani ya gano da kansa. Na gaya wa Hajiya lissafi ne, ta ce madalla, ba ta ko ɗaga kai daga wayarta ba.

Ya yi kyau ƙwarai. Har yanzu ina cewa ba a taɓa zana abin da ya kai shi kyau a bangon nan ba. Yara kan tsaya gabansa lokacin hutun tara suna ƙirga da yatsu, 'yan ajina suna yi wa na sama da su bayani suna hura hanci.

Sai zafi ya shigo, irin na Sakkwato da ake jin ƙasa na huci tun hantsi. Wata safiya a taron asambili wata ɗaliba 'yar aji uku ta yanke jiki ta faɗi. Layin ajinsu kusa da bangon yake. Aka kai ta ofis aka yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo, ta ce ba ta karya ba ta fito. Aka ba ta shayi da burodi, ta koma aji. A wurina magana ta ƙare.

Da uwar ta zo ɗaukarta, sai ta ga bangon. Ta ɗauki hotonsa ta tura zauren iyaye na waya, ta rubuta a ƙasa cewa a duba abin da aka kafa wa 'ya'yanmu. Kafin la'asar saƙonni sun cika zauren. Wani ya ce hatimi ne na mallaka, an yi shi don kada yaro ya iya barin makarantar. Wata ta ce ɗanta ya daina cin tuwo tun da aka zana shi. Wani ya turo wa'azi mai tsawo kan tsafi. Malamin zane ya kira ni, ya ce shi fa buroshi kawai ya riƙe.

Washegari Hajiya ta kira ni ofis. "Malama, kin ce mini lissafi ne."

"Lissafi ne, Hajiya. Ba ni alli in nuna miki."

"Ni ba ni za ki nuna wa ba. Iyaye za su zo ranar Asabar. Ki san abin da za ki gaya musu."

Na san in ni kaɗai na tsaya, za a ce 'yar boko ce ke kare kanta. Sai na yi dabarar da nake ganin ta fi kowace. Na tafi Gidan Dare na sami Kawu a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai. Na ce ina so ya zo da rawaninsa da furfurarsa ya gaya musu hisabi ne, ilimi ne da malamai suka gada.

Ya ce, "In zo in faɗi gaskiya dai ko?"

Na ce, "Ita kaɗai nake so, Kawu."

Ranar Asabar aka jera kujeru a tsakar makaranta, bangon na kallonmu. Na fara magana. Na kawo allo na rubuta baƙaƙen da lambobinsu, na tara a kwance, na tara a tsaye. Na ga wasu iyaye maza suna bi da leɓe, wani ma ya gyaɗa kai da ya ga sha biyar ta sake fitowa. Uwar yarinyar da ta faɗi ta naɗe hannu tana kallona. Na ji a raina an kusa gamawa. Sai na gabatar da Kawu.

Ya miƙe a hankali, ya yi salati, ya ce abin da ɗiyarsa ta faɗa haka yake. Ya yi bayanin lambobin baƙaƙe fiye da yadda na yi, ya kawo zancen shekarun da ake ɓoyewa a waƙoƙi, har wani dattijo ya ce shi ma ya taɓa jin haka wurin mahaifinsa. Da ya zauna a nan, da an tashi lafiya.

Wani matashin uba mai guntun wando da dogon gemu ya ɗaga hannu. "Allah gafarta Malam, tambaya guda. Wanga abu, masu ba da taimako suna aiki da shi ko ba su yi?"

Na kalli Kawu. Na san ya ga kallon.

Ya ce, "Suna yi. Ana rubuta shi ga mace in haihuwa ta yi gardama." Ya nuna ni da sandarsa. "Wagga ma da kuke gani, ranar da za a haihe ta uwatta ta wahala. Ni na rubuta shi da hannuna anka kai mata. Sauƙi na Allah na, amma an rubuta."

Ban san wannan labari ba sai a ranar, a gaban iyayen ɗalibaina. Wuri ya kaure. Uwar yarinyar ta miƙe tana cewa ai ga shi nan, da bakinsu sun faɗa. Matashin ya ce shi bai kawo ɗansa makarantar boko don a koya masa ɗalasimai ba. Na yi ta ɗaga murya ina cewa huɗu da tara da biyu sha biyar ne ko wa ya rubuta su, ko don me ya rubuta su, ba wanda ya saurare ni. Hajiya ta tafa hannu ta ce ta ji, za a shafe bangon kafin Litinin, a yi haƙuri.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, muna fita ƙofa wani daga cikin iyayen da suka fi kowa hayaniya ya biyo Kawu, ya rage murya, ya ce maiɗakinsa na da tsohon ciki, ko Malam zai kwatanta masa zaurensa. Kawu ya kwatanta masa.

A cikin keke napep na kasa haƙuri. Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na san ya ji zafin da ke ciki.

"Kawu, da ka tsaya inda ka tsaya da farko."

"Tambayata yaron ga ya yi. In ce mashi ba a yi?"

"Ai ba don haka na zana shi ba."

"Na sani. Amma ke kin ɗauko abu daga zaure kin kai shi bango, kin sa an yi mashi ado kamar allon sauka, kin hana a rubuta lamba ko guda. Mi kike so mai wucewa ya gani? Da kin shawarce ni da na ce ki sa lambobin."

A nan kam yana da gaskiya, kuma gaskiyar ba ta rage mini haushi ba ko kaɗan. Na sauke shi a Gidan Dare na wuce ban shiga na gaida matarsa ba, abin da sai da na koma na ba da haƙuri a kai. Da na tambayi mahaifiyata zancen haihuwata, ta ce ita ba ta san me aka rubuta ba, an dai kawo mata rubutu a ƙoƙo ta sha, kuma a halin da take ciki ko me aka kawo za ta sha.

Litinin na tarar da bangon fari fat. Malamin zane ne aka sa ya shafe da hannunsa, ya daina yi mini magana sai gaisuwa har ƙarshen zangon. Daga baya a wurin aka rubuta jadawalin sau da manyan lambobi baƙaƙe, wanda ba na jin akwai yaron da ya taɓa tsayawa ya karanta. Hajiya ta ce in tsaya kan manhaja, kada baƙin Larabci ya sake hawa allona. Na ce mata sakamakon ajin nan ya fi na bara, ta ce ta gani, ta kuma gode, amma iyaye uku sun riga sun ce za su cire 'ya'yansu, ita makaranta take riƙewa ba gardama ba. 'Yan ajin suka tambaye ni yaushe za mu sake wasan baƙaƙe, na ce mu buɗe shafi na gaba.

Ban bar makarantar ba, har yau ina can. Sunan dai ya bi ni. Kwanakin baya na je suna a Mabera, muna zaune ana cin shinkafa, wata mata da ban sani ba ta matso ta dafa ni, ta ce ko ni ce malamar nan mai hatimi. Na ce ni malamar lissafi ce. Ta ce ta sani, ta sani, ba za ta gaya wa kowa ba. Sarƙarta ce ta zinariya ta ɓace a gida, tana zargin mutum biyu, tana so in buga mata sunayensu in ga wanda ya ɗauka.

Na ce mata ban iya ba. Ta yi murmushi ta ce ta fahimta, nan ba wurin maganar ba ne, za ta same ni a makaranta. Ta kuwa zo ranar Talata ina tsakiyar darasi, sai da na fita na roƙi maigadi ya ce mata ba na nan.