Mahaucin da Ya Ji Tsoron Wuƙa

A duk shekarun da na yi ina aikin jinya a Daura, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce Litinin ɗin da Malam Sale mahauci ya aiko ɗansa ya ce mini ya fasa. Na sha ba ƙananan ma'aikata labarin nan lokacin shan shayi, yau dai bari in rubuta shi ko na huta da maimaitawa.

A lokacin ina matsayin babban jami'in jinya, ni ke kula da sashen masu ciwon sukari da hawan jini. Aikinmu awo ne duk wata. Mu duba jini da sukari da nauyi, sannan mutum ya ga likita ya karɓi magani. Malam Sale na cikin daɗaɗɗun mutanenmu. Asalinsa ɗan Sandamu ne, amma a Daura ya yi fawa tun yana saurayi. Mutum ne mai jiki ƙwarai, ga barkwanci. In ya hau sikeli sai ya ce, "Likita, da a kan teburina naman nan yake, da an yi rububinsa." Kowa a asibiti likita ne a wurinsa, har maigadi. Ina son mutumin nan, ba na ɓoyewa.

Amma ƙibar ta wuce wasa. Gwiwoyinsa sun gaji, sukarin ya ƙi jin ƙwaya har ya koma allura, numfashinsa kuma yakan ɗauke in yana barci. Abin da ya fi ci masa rai shi ne salla. Ya yi shekaru yana yin ta a kan farar kujerar roba, don in ya durƙusa sai an kama shi kafin ya tashi. Mun gwada rage abinci, mun gwada tattaki, duk a banza. Daga ƙarshe likitanmu ya tura shi wani babban asibiti a Kano, suka ce abin da ya rage shi ne tiyatar rage tumbi.

Ga wanda bai sani ba, ana yi wa mutum allurar barci, a huda ciki ƙananan huji, a zura na'ura mai kyamara a cire mafi yawan tumbin. Abin da ya saura bai fi girman ayaba ba, don haka ɗan abinci kaɗan ke ƙosar da mutum. Kafin aikin sai an yi makonni ana shan abu mai ruwa-ruwa don kitsen hanta ya ragu. Wannan ɓangaren bai ba ni wahalar bayani ba. "Hanta mai kitse ai na san ta," in ji shi, "ruɓewa take yi a hannu." Ya daure, mahauci guda ya zauna ba nama, yana shan romo da kunu marar sukari.

An tsara za a kwantar da shi ranar Litinin da yamma a yi aiki Talata da safe, ni kuma in raka shi da bayanan awonsa. Da hantsi mota na tsaye a bakin asibiti, sai ga ɗansa Hamisu shi kaɗai, yana sunkuyar da kai. Na je na gaya wa likitan da ke sama da ni. Ya ce, "Ba a yi wa mutum tiyata dole. Ka je ka saurare shi, amma ban aike ka lallashi ba. In ya ce a'a, a'a ce." Na hau babur na bi Hamisu.

Tun daga ƙofar gida na gane inda matsalar take, don takalma sun cika bakin zaure. Kun san al'adarmu, in mutum zai yi tafiya mai nauyi sai 'yan'uwa su zo sallama da neman gafara. Niyya ce mai kyau, amma tun jiya ake shigowa ana ce masa "ka yafe mini", kamar wanda ake shirin yi wa wanka. Kowa kuma da labarin wani da aka yi wa allurar barci bai farka ba. Yayarsa ta taso tun daga garin Babban Mutum tana kuka, wai ƙibar gado ce, haka ubansu yake, don me za a taɓa halittar Allah.

Na bari mutane suka ragu, na zauna kusa da shi a kan dakali. Na ce, "Baba Sale, ashe gaskiya ne wanzami ba ya son jarfa." Bai yi dariya ba, kuma wannan ne karo na farko da na tsokane shi bai rama ba.

"Likita, su waɗannan ji suke yi, ni gani na yi," in ji shi. "Na san tumbi, na san hanji, na san jijiyar da in wuƙa ta taɓa shi ke nan. Tun ina yaro nake farke ciki, ban taɓa ganin wanda aka farke ya tashi ya tafi gida ba."

Na yi masa bayanin duk da na sani. Na ce aikin na da haɗari, ba zan rantse masa cewa babu ba, amma zama a haka ma haɗari ne, kuma shi ne mafi girma. Na ce in ya fasa ba wanda zai yi fushi, katinsa na nan, wata mai zuwa ya zo awo kamar kullum. Ya gyaɗa kai kawai. Na ga maganata ba ta shiga ba, har na fara laluben makullin babur.

Sai muka ji murya daga bayan labulen ƙofar cikin gida. Matarsa ce, Rabi, wadda ban taɓa jin ta yi magana a gaban baƙo ba.

"Likita, ka yi haƙuri in sa baki. Malam, kai barcin asibiti kake tsoro, wanda likitoci za su tsaya a kanka. To barcin da kake yi a ɗakin nan fa? Kana cikin minshari sai ka yi ɗif. In zauna ina jira, in bai dawo ba in girgiza ka. Kai ba ka sani ba, da safe sai ka ce na cika motsi. Ni kaɗai ce likitanka, kuma na fara tsufa, barci na fara sace ni. Ina tsoron ranar da zai sace ni ban girgiza ka ba."

Malam Sale ya daɗe yana kallon labulen. Ni kaina idona ya ciko, don na sha rubuta "ɗaukewar numfashi" a katinsa, ban taɓa tambayar wa ke gadin numfashin ba. Can ya share fuska da hannun riga ya ce, "Hamisu, ɗauko jakar kayana." Ya juyo gare ni. "Har yanzu ina tsoro fa." Na ce ba komai, mu tafi da shi, motar za ta ɗauke ku duka.

A hanya salati ya yi ta yi. Washegari aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko an ajiye masa guntun tumbin da aka cire ya ga yankan, wai yana so ya san ko masu aikin sun iya riƙe wuƙa. Watannin da suka biyo baya ba sauƙi, an sha amai da ƙorafi, cokali kaɗan ya ce ya ƙoshi yana hararar kwanon wasu. A kasuwa har an yi ta raɗe-raɗin wata cuta ce ke cin sa.

Abin da na ɗauka daga wannan rana, kuma nake gaya wa duk wanda ya shigo aikin nan, shi ne tsoron majinyaci ba jahilci ba ne, yana da tushe, sai ka zauna ka ji shi. Kuma ciwo ba a jikin mutum ɗaya yake zama ba. Tun daga lokacin, in an kawo mini mai jinya sai na tambayi wanda ke kwana da shi me yake gani.

Wajen shekara guda bayan haka Malam Sale ya shigo awo, rigarsa na yi masa yawa, da ƙullin tsire a hannu. Ya ajiye mini, ya ce shi yanka biyu ya ishe shi. Na ce ya hau sikeli, ya ce in dakata tukuna. Ya tura hularsa baya ya nuna mini goshinsa, da sauran yashin masallaci a jiki.

"Na ba maigadinku kujerar," in ji shi. "Rabi kuma ta ce in gaishe ka. Yanzu sai na tashe ta sallar asuba."